Ƙwayoyin Nano A Man Boris: Yadda Ake Gane Injin Da Ke Buƙatarsu, Da Yadda Ake Zuba Su Ba Tare Da Ɓarna Ba

Ƙa'idar farko da ake koya wa duk wanda ya fara aikin kula da injina ita ce kada datti ya shiga man boris. A rufe bakin duro, a goge mazurari, a tace mai kafin a zuba. Sai ga shi yanzu ana tallata wani abu wanda, in za a faɗi gaskiya, gari ne ake so ka zuba a cikin man da hannunka. Abin da ya raba shi da ƙurar da aka hana ka abu biyu ne: ƙanƙantarsa da irin sinadarin da aka yi shi da shi. Muddin ƙwayoyin suna warwatse, kowace tana yawo ita kaɗai, za su iya rage gogayya da cin ƙarfe a wasu injinan. Ranar da suka dunƙule kuwa, sun koma datti, kuma dattin da ka saya da kuɗinka.

Kafin a je ko'ina sai a san girman abin. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan ɗaya na mita. Kaurin gashin kai guda yakan kai wajen nanomita 70,000, ƙwayoyin da ake magana a kansu kuwa daga 1 ne zuwa 100. Shi kuma fefen man da ke raba ƙwallon boris da zobensa yayin juyawa yawanci daga nanomita 100 ne zuwa 1,000, wato bai cika wuce maikiron ɗaya ba. Ka riƙe wannan lissafi a ranka. Ƙwaya mai nanomita 50 za ta ratsa wannan tsakanin lafiya lau. Curin da ya kai maikiron 5 ba zai wuce ba sai ya bar tabo.

Abin da suke yi a tsakanin ƙarfe da ƙarfe

Da ido, cikin zoben boris kamar madubi yake. A ƙarƙashin na'urar ƙara girma kuwa tudu da kwari ne. Idan mai ya yi kauri sosai a tsakani, tuddan wannan gefe ba sa taɓa na wancan. Idan ya yi siriri, sai su riƙa karo, suna mannewa suna fizgewa, a ƙarƙashin matsin da yakan kai gigafaskal 1 zuwa 3, wato kamar tan 10 zuwa 30 a kan fili mai faɗin santimita ɗaya da tsawon santimita ɗaya. A nan ne kaɗai ƙwayoyin nano suke da aikin yi.

Waɗanda suka fi suna su ne masu falle-falle: molibdenom daisalfaid, wanda makanikai ke kira moli, da ɗan'uwansa tongistan daisalfaid, da girafin, da boron naitiraid. Tsarinsu kamar tulin takardu ne. Kowane falle yana da ƙarfi, amma abin da ya haɗa shi da na kusa da shi mai rauni ne, saboda haka da an matsa sai su zame wa juna, su shafe a fuskar ƙarfe su zama wani rufi mai santsi. A 1992 ne Reshef Tenne da abokan aikinsa a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila suka gano cewa tongistan daisalfaid yana iya naɗewa ya zama ƙwaya rufaffiya, ɓawo cikin ɓawo, kuma irin wannan ce ake sayarwa yau a matsayin ƙarin mai: matsi yana ɓare ta falle bayan falle. Girafin kuwa sai a 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ware shi a Jami'ar Manchester.

Akwai kuma masu taushi irin jan ƙarfe, waɗanda ke cike ƙananan zane da ramuka. Sai masu tauri, alumina da silika da garin daimon, waɗanda ke goge tuddan su rage kaifinsu. Masu talla sun fi son hoton da ke nuna ƙwayoyin suna gangarawa kamar 'ya'yan boris ƙanana. Hoton yana da kyau a takarda, amma a matsin da na ambata yawancinsu baje su ake yi ko a ɓare su, kuma ni dai ba na dogara da wannan bayanin wajen zaɓe.

Mataki na farko: ka lissafa ko ƙarfe yana taɓa ƙarfe

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, alhali shi ke yanke hukunci. Tun 1902 Bajamushen nan Richard Stribeck ya nuna cewa gogayyar boris ta dogara ne da kaurin mai da saurin juyi da nauyi. A yau ana taƙaita maganar da lamba guda mai suna kafa (kappa), wadda ke cikin ma'aunin ISO 281: kaurin da man yake da shi a ainihin zafin aiki, a raba shi da kaurin da boris ɗin yake buƙata. Idan kafa ta gaza 1, ƙarfe yana taɓa ƙarfe. Daga 1 zuwa 4 lamarin yana ƙara gyaruwa. Idan ta kai 4, mai ya raba su sarai.

Ga misali. Ɗauki boris mai rola lamba 22220: ramin ciki milimita 100, faɗin waje 180, matsakaicin faɗi 140. Idan yana juyi 100 a minti, jadawalin masu ƙera boris zai nuna maka yana buƙatar kauri wajen santistok 83 (santistok shi ne ma'aunin kaurin mai). A ce kana zuba masa mai VG 220, wato mai rukunin kaurin santistok 220. Lambar 220 ɗin nan a digiri 40 aka auna ta. Idan boris ɗin yana aiki a digiri 70, man ya tsinke ya koma wajen 52. Raba 52 da 83, ka sami 0.6. Wannan boris ƙarfensa na cin juna.

Amma kar ka yi saurin ɗauko kwalbar nano. Mai VG 460 a digiri 70 yana da wajen santistok 93, wanda zai ɗaga kafa zuwa sama da 1 kaɗan. Sanyaya gidan boris ɗin da digiri 10 ma zai taimaka. Waɗannan su ne magungunan farko, sanannu kuma masu arha. Sai inda ba za su yiwu ba, ko don famfo ba zai iya tura mai mai kaurin nan ba, ko don giya da boris suna shan mai ɗaya, ko don juyin ya yi jinkirin da babu man da zai ɗaga shi, sannan maganar nano ta taso.

Shi wannan boris ɗin, idan yana juyi 1,500 a minti, santistok 10 kacal yake buƙata. Mai VG 68 a digiri 70 yana ba shi wajen 20, kafa ta zama 2. A irin wannan yanayi ƙwayoyin yawanci yawo kawai za su yi ta yi a cikin mai, ba su da wani wurin aiki sosai, haɗarin dunƙulewarsu kuma yana nan daram.

Saboda haka injinan da suka cancanci gwaji su ne masu juyi a hankali da nauyi mai yawa, masu yawan tashi da tsayawa, masu kai-da-komo ba cikakken juyi ba, da masu shan duka: rolar murhun siminti, injin fasa dutse, gangar bel mai ɗaukar kaya, bushin da fil na manyan injina.

Mataki na biyu: ka tabbatar ba wata cuta ce daban ba

Boris da ke mutuwa da wuri sau da yawa ba rashin ƙarin sinadari ke kashe shi ba. Shaf a karkace, ɗauri da guduma, ruwa a mai, ƙura ta sil da ya yage, giris da aka cika har ya hana numfashi, ko wutar lantarki da ke ratsa boris ta bar masa layi-layi. Ka ciro mataccen boris na ƙarshe, ka wanke shi, ka duba hanyar da ƙwallaye suka bi a zoben. Ma'aunin ISO 15243 ya kasa ire-iren lalacewar da hotunansu. Idan abin da ka gani ramukan datti ne ko tsatsa, ka gyara sil da mataci ka bar maganar nano.

Akwai kuma wuraren da ni ba zan zuba ba ko da an ba ni kyauta. Man tabain, wanda dole ya riƙa rabuwa da ruwa da sauri, kuma bushinsa na farin ƙarfe mai taushi ne da ƙwaya mai tauri za ta nutse a ciki ta riƙa kartar shaf. Man haidurolik mai bawul masu ƙanƙanin tsakani. Boris masu gudun tsiya irin na injin sassaƙa ƙarfe. Sannan duk injin da garantinsa bai ƙare ba, sai ka sami amincewar kamfanin a rubuce, don yawancin masu ƙera injina da masu haɗa mai ba sa ɗaukar alhakin man da aka yi wa ƙari.

Mataki na uku: zaɓen ƙwaya

Ga boris masu ƙwallo ko rola, ka tsaya kan masu taushi. Ƙarfen boris, wanda ake kira 52100 ko 100Cr6, taurinsa yana tsakanin 58 da 65 a ma'aunin Rockwell. Moli ya fi shi taushi nesa ba kusa ba, 1 zuwa 1.5 a ma'aunin Mohs, don haka ko ya ɗan dunƙule ɓarnarsa da sauƙi. Alumina kuwa 9 ce, daimon 10. Idan suka warwatsu da kyau suna goge fuska, idan suka cure sun zama sanfefa. Garin neman gira kada a rasa ido.

Kowace kuma da halinta. Moli ba ya son danshi, kuma a iska yana fara ƙonewa idan zafi ya kai wajen digiri 350 zuwa 400, ko da yake man ma ya riga ya mutu kafin nan. Boron naitiraid fari ne, ba ya baƙanta mai, yana jure zafi sosai, kuma ba ya ɗaukar lantarki. Girafin yana ɗaukar lantarki, abin lura ga duk injin da ke da matsalar wuta a shaf. Jan ƙarfe yana hanzarta tsufan mai, domin yana taimaka wa iska ta ci shi, sannan yana da wata illa da za mu zo kanta a wajen gwajin mai.

Kada ka sayi busasshen gari. Na faɗa da ƙarfi domin nan ne masu ƙwazo suka fi faɗawa. Garin nano a cikin leda ya riga ya dunƙule tun daga masana'anta, kuma cokali ko injin juya fenti ba zai raba shi ba. Masu haɗawa suna fara lulluɓe kowace ƙwaya da wani sinadari, kamar oleyik asid, wanda kansa ke kama ƙwayar, jelarsa kuma ta narke a mai, sannan su fasa curin da na'ura mai sauti mai ƙarfi ko injin kaɗawa mai tsananin gudu. Abin da ya dace da masana'anta shi ne ko dai man da aka riga aka haɗa, ko ruwan ƙari mai ƙarfi da ake sirkawa. Man da aka gama haɗawa ya fi, don mai haɗawar ya ɗauki nauyin daidaita sinadaran.

Ka tambayi mai sayarwa: wace ƙwaya ce, kashi nawa ce a kwalbar, mene ne girmanta a cikin mai ba a busasshen gari ba, wane irin mai ne ya ɗauko ta, kuma wata nawa take yi ba ta kwanta ba. Wanda ya ce sirrin kamfani ne har sunan sinadarin, ka bar masa kayansa. Ka kuma nemi takardar bayanin haɗarin kayan.

Tambayar irin mai tana da muhimmanci. Man giya na roba irin PAG ba ya haɗuwa da man ma'adinai. Ka zuba masa ƙarin da aka narkar a man ma'adinai sai su rabu. Sannan man da kake amfani da shi ba fanko ba ne. Yana ɗauke da nasa sinadaran, misali ZDDP mai hana cin ƙarfe, wanda ake amfani da shi tun shekarun 1940, ko sinadaran salfa da fosfaros na man giya. Dukkansu fuskar ƙarfe ɗaya suke nema. Wani lokaci su taimaki juna, wani lokaci ɗaya ya tare wa ɗaya wuri. Har sinadarin da ke hana ƙwayoyi dunƙulewa, idan ya yi yawa, yana iya riƙe su a cikin mai ya hana su manne wa ƙarfen da aka zuba su dominsa.

Mataki na huɗu: gwajin kwalba

Wannan gwaji ba ya buƙatar komai sai kwalaben gilashi huɗu masu tsabta da haƙuri. Ka ɗebi ainihin man da injin yake sha, ka sirka ƙarin a adadin da za ka yi amfani da shi. Kwalba ɗaya ka ajiye a ɗaki. Ɗaya ka sa a tanda mai zafin da injin ke aiki, a ce digiri 70, saboda zafi yana tsinka mai, tsinkakken mai kuma ba ya riƙe ƙwaya. Ta uku ka ɗiga mata ruwa ɗigo biyu ko uku ka girgiza. Ta huɗu mai ne zalla don kwatance. Ka rubuta kwanan wata a jiki, kada kowa ya taɓa.

Bayan kwana ɗaya, da bakwai, da talatin, ka ɗauki tocila ka haska daga baya. Haɗin da ya yi kyau launinsa ɗaya ne daga sama har ƙasa. Wanda ya lalace za ka fara ganin wani siririn zobe mai haske a saman, kamar ruwan da ya fara kwantawa, kullum yana ƙara faɗi. Sannan ka karkata kwalbar a hankali ka dubi gindinta. Idan akwai baƙin abu mai laushi da ke tashi da girgiza biyu, da sauƙi. Idan ya manne kamar kwalta har sai ka sa tsinke, haka zai yi a ƙasan tankinka da cikin siraran bututun da ke kai mai ga boris.

Dalilin da ya sa dunƙulewa take saurin kai ƙwaya ƙasa yana cikin dokar Stokes: saurin nutsewa yana tafiya ne da faɗin ƙwaya a ninka shi da kansa. Ƙwaya mai nanomita 50 idan ta zama curi mai maikiron 5, faɗinta ya ninku sau 100, saurin nutsewarta kuwa sau dubbai, har zuwa wajen 10,000 idan curin ya matsu. Nauyi ma yana da nasa: mai giram 0.9 ne a kowace santimita mai kusurwa, boron naitiraid wajen 2.1, moli 5, tongistan daisalfaid 7.5, jan ƙarfe kusan 9. Wannan ne ya sa injin da ke kwana da yini yana aiki ya fi dacewa da nano a kan wanda ke hutun makonni. Shi ne kuma ya sa a giris abin ya fi sauƙi, don sabulun giris, wato sinadarin da ke ba shi kauri, yana riƙe ƙwayoyin ba su da inda za su nutse.

Idan kana da mataci a layin mai, ka tace kaɗan daga haɗin ta takardar gwaji mai ramin da ya yi daidai da nasa, maikiron 3 ko 6 ko 10. Ƙwayoyin da ke warwatse za su wuce. Idan takardar ta yi baƙi ƙirin da tabo-tabo, matacinka ne zai shanye abin da ka saya, ya kuma toshe.

Mataki na biyar: ɗakin gwaje-gwaje

Ka aika samfur biyu, mai zalla da mai haɗi. Ka nemi kauri a digiri 40 da 100. Rukunin VG yana da iyakar kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa, kada haɗin ya fitar da kai daga ciki. Ka nemi gwajin kumfa, da na rabuwa da ruwa, da na cin jan ƙarfe wato ASTM D130, musamman idan kejin boris ɗinka, wato abin da ke riƙe ƙwallaye ko rololi a jere, na tagulla ne.

Mai sayarwa zai nuna maka sakamakon gwajin ƙwallaye huɗu, ASTM D4172: ƙwallo ɗaya yana juyawa a kan uku da aka ɗaure, nauyin kilo 40, juyi 1,200 a minti, digiri 75, awa ɗaya, sannan a auna tabon. Gwaji ne na gaskiya, amma goga ce zalla, boris kuwa gangarawa yake yi. Man da ya yi fice a nan bai zama dole ya tsawaita ran boris ba. Gwajin da ya fi kusa da aikinka shi ne FE8 na ma'aunin DIN 51819, wanda ake yi da boris na ainihi.

Ga wani lissafi da zai kare ka daga zaƙin baki. Gogayyar boris mai rola irin 22220 wajen 0.0018 ce. Idan yana ɗauke da nauyin kilonuton 30, wato wajen tan 3, a juyi 100 a minti, ƙarfin da yake ci bai wuce wat 30 ba. Ko an rage rabi, ka tsira da abin da bai kai ƙwan fitila ba. Duk wanda ya yi maka alkawarin rage kuɗin lantarki da kashi 10 ko 20 ta hanyar boris masu gangarawa, ba girin-girin ba, ta yi mai. Ribar da ake nema a nan ita ce boris ya daɗe, injin ya rage tsayawa. Ragin wuta mai ma'ana sai a wuraren goga sosai, kamar giya mai tsutsa da bushin.

Mataki na shida: ka san halin injin kafin ka taɓa shi

Ka zaɓi injin da tsayawarsa ba za ta tsayar da masana'anta ba, kuma in da hali wanda yake da tagwai. Wata ɗaya aƙalla kana rubuta zafin gidan boris a wuri ɗaya da ka yi wa alama da fenti, ka cire zafin ɗaki daga ciki. Kana rubuta jijjiga, da amfiyar da injin lantarki ke ja, da nauyin aikin ranar. Ka ɗauki samfurin mai sau biyu.

Ranar zubawa, ka juye man injinan biyu duka, ka zuba wa kowanne sabo, amma ɗaya kaɗai zai sami ƙarin. Na taɓa ganin inda aka yi ta murna zafi ya sauka da digiri kaɗan bayan an zuba ƙari, sai daga baya aka lura cewa tsohon man ya shekara biyu, kuma a ranar an wanke gidan boris an daidaita bel. Babu wanda ya iya cewa wanne ne ya yi aikin. Sabon mai shi kaɗai yakan sauke zafi.

Mataki na bakwai: awo da zubawa

Da nauyi ake lissafi, ba da lita ba. A ce tankin yana cin lita 20 na VG 220, kowace lita kilo 0.89, jimilla kilo 17.8. Kana son kashi 0.1 cikin 100 na ƙwayoyi, wato giram 17.8. Idan kwalbar ƙarin tana ɗauke da kashi 5 cikin 100, sai ka auna giram 356. Ka rage mai daidai wannan adadin don kada ya haura layin gilashin dubawa.

A binciken da aka yi ta wallafawa, adadin da ke aiki yawanci ƙasa da kashi 1 cikin 100 ne, na girafin ma sau da yawa ƙasa da 0.1. Kuma akwai gejin da idan aka wuce shi cin ƙarfe yake komawa sama, domin ƙwayoyin suna cunkushewa a bakin shiga su hana mai wucewa. Ka fara da mafi ƙarancin abin da mai haɗawa ya rubuta. Kada ka ce bari in ƙara kaɗan don ya fi kama jiki.

Ka girgiza kwalbar ƙarin sosai, ka duba gindinta ko akwai abin da ya kwanta. Ka ɗumama lita biyu ko uku na man zuwa digiri 50, ka zuba ƙarin siriri-siriri kana kaɗawa, ba tare da ka bari iska ta shiga ta yi kumfa ba. Wannan haɗin za ka juye a sauran man ka ci gaba da kaɗawa, sannan ka zuba a injin da aka juye tsohon mansa da ɗuminsa aka kuma ɗauraye. Ka tayar da injin nan take ya yi aƙalla awa ɗaya. Idan kana da na'urar tsabtace mai ta hanyar wulwulawa ko ta lantarki, ka kashe ta, don aikinta ke nan cire irin waɗannan ƙwayoyi. A giris kuwa kada ka haɗa da kanka. Ka sayi haɗaɗɗe mai irin sabulun da ya dace da tsohon, ko ka wanke tsohon tas.

Ka sa safar hannu ta naitiral da tabarau. A cikin mai haɗarin ƙwayoyin kaɗan ne, a iska ne suke da illa, don suna kaiwa can cikin huhu. Cibiyar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ba da shawara a 2011 cewa ƙurar titaniyom daiyoksaid mafi ƙanƙanta kada ta wuce miligiram 0.3 a kowace mita mai kusurwa ta iska, alhali ta amince da 2.4 ga mai ɗan girma. Don haka ba a busa kayan da suka jiƙe da wannan mai da iskar kwamfuresa, ba a kuma zuba shi a tsarin da ke fesa mai kamar hazo.

Mataki na takwas: bibiya

Awa 48 na farko ka riƙa duba zafi da bambancin matsin mataci sau da yawa. Samfurin mai: bayan kwana ɗaya, mako ɗaya, wata ɗaya, sannan kowane wata, kullum daga wuri ɗaya kuma injin yana aiki.

Ka sanar da ɗakin gwaji abin da ka zuba, in ba haka ba za su aiko maka da jan gargaɗi. Karatun sakamakon ma ya canza. Idan moli ka zuba, adadin molibdenom a samfurin farko shi ne ma'auninka. Idan yana ta raguwa wata bayan wata, ƙwayoyin suna kwantawa ko mataci yana cinye su. Idan jan ƙarfe ka zuba, ka rufe wa kanka ido daga ganin cinyewar kejin tagulla, illar da na ce za mu zo kanta. Idan silika ce, ba za ka ƙara gane shigar ƙura ta lambar silikon ba. Na'urar ƙidayar datti mai aiki da haske, wadda ke ba da lambobin ISO 4406 na maikiron 4 da 6 da 14, takan rikice a baƙin mai. Ka nemi a duba takardar tacewa da na'urar ƙara girma. Lambar da za ka sa wa ido ita ce ta baƙin ƙarfe. Ta ɗan tashi a makon farko sannan ta lafa, babu damuwa. Ta ci gaba da hawa a samfur uku a jere, akwai matsala.

Ka tsayar da gwajin idan zafi ya haura na tagwan injin da digiri 5 ya zauna a can, ko mataci ya toshe kafin rabin lokacinsa, ko jijjiga mai tsinin sauti ta fara hawa, ko ka ga baƙar laka a gilashin dubawa. Ka juye man da zafinsa, ka ɗauraye da mai zalla, ka canza mataci, ka buɗe siraran bututun ka duba. Tsohon man a zuba shi a duron da aka rubuta abin da ke ciki, a ba masu karɓar mataccen mai.

Idan kuwa komai ya tafi daidai, hukunci na ƙarshe yana jiran ranar babban gyara. Ka ciro boris ɗin injinan biyu, ka wanke su da sinadarin wanki, ka jera su a kan farin ƙyalle a ƙarƙashin fitila mai haske. A zoben wanda ya amfana za ka ga hanyar rola sumul, wataƙila da wani dishi-dishin toka da bai fita da wanki ba, ga zanen injin wasa na asali yana nan a gefe. A wanda curi ya yi wa ɓarna za ka ga ƙananan loɓa barkatai masu ɗagaggen baki, waɗanda farce ke ji kafin ido ya gani. Ka ɗauki hoton duka biyun da lambar awannin da kowanne ya yi, ka haɗa da takardun gwajin mai a fayil ɗin injin kafin ka yanke shawarar zuba wa na uku.